Tambaya da Amsa: Maganin da Ke Hana Robar PVC Ƙonewa

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu ɗaya kamar an haɗa baki: robar PVC, wadda ake yin bututun ruwa da rigar wayar lantarki da firam ɗin taga da ita. Na yi shekara 11 a ɗakin gwaji na wata masana'antar bututu kafin in koma aji, saboda haka an sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Na zaɓo biyar daga ciki. Ta farko za ta ci fili da yawa, domin idan ta zauna, sauran ba su da wuya.

TAMBAYA: Malam, ni mai aikin famfo ne. Idan zan haɗa bututu biyu kuma babu soket a hannu, nakan gasa bakin ɗaya a wuta ya yi laushi, in zura ɗayan a ciki. Wani lokaci abin ya tafi lafiya lau. Wani lokaci kuwa kafin in ankara ya yi rawaya, ya yi ja, ya koma baƙi, ga wani wari mai shaƙe maƙogwaro. Bututun ne jabu, ko hannuna ne?

AMSA: Ɗan'uwa, abin da ka gani a bakin bututun nan ciwo ne da aka haifi PVC da shi, jabu da na gaske duk suna ɗauke da shi. Bambancinsu kawai yawan maganin da aka zuba wa kowanne.

Fiye da rabin nauyin tsurar PVC, wajen kashi 57 cikin 100, kulorin ne da aka ciro daga gishiri. Sauran daga man fetur ko iskar gas yake fitowa. A idon mai ilimin sinadarai doguwar sarƙa ce ta kabon, kulorin da haidurojin suna rataye a jikinta. Da zafi ya kai wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, kulorin zai fara kama haidurojin ɗin da ke maƙwabtaka da shi su fice tare a matsayin iskar asid, wadda ake rubutawa HCl. Warin da ya shaƙe ka ke nan. To inji kuma ba ya iya sarrafa robar sai ta kai digiri 160 zuwa 200. Ka ga inda gizo ke saƙar: tana fara lalacewa tun kafin ta yi laushin da za a iya fitar da bututu da ita.

Shi ya sa ta daɗe a ajiye ba a san abin da za a yi da ita ba. Wani Bajamushe, Eugen Baumann, ya same ta a 1872 a matsayin farin daskararren abu a cikin kwalbar da rana ta buga. Wani Bajamushen, Fritz Klatte, ya yi rajistar hanyar haɗa ta a 1913, amma ba a ci ribarta ba a lokacin, don ta ƙi sarrafuwa. Sai a 1926 Waldo Semon na kamfanin B.F. Goodrich a Amurka ya gano yadda za a tausasa ta, daga baya kuma aka samo sinadaran da ke riƙe ta a cikin zafi. Su ne ake kira sitabilaiza. Mu a masana'anta sai a takarda muke rubuta wannan dogon suna, a baka "magani" kawai muke cewa.

Ka taɓa kwance ɗinkin bakin buhu? Idan ka kamo zaren daidai, ja ɗaya za ka yi ya warware har ƙarshe. Haka sarƙar PVC take. Akwai 'yan wurare a jikinta da kulorin bai kamu da kyau ba, daga nan warwarar ke farawa. Da ɗaya ya fita, na kusa da shi ya yi sako-sako, shi ma ya fita, ya sassauta na gaba. Abin da ya fi muni, asid ɗin da ya fito shi ne ke ƙara ingiza warwarar, wato ciwon yana ciyar da kansa. Duk gurbin da aka bari, kabon biyu sukan ƙulle da ɗauri biyu, kuma idan irin wannan ƙulli ya jeru kamar bakwai a layi, robar takan fara shanye wani ɓangare na haske, ido ya ga rawaya. Jerin na ƙara tsawo, launin na komawa ruwan lemo, ja, ruwan ƙasa, har baƙi. Ko kashi ɗaya cikin ɗari na asid ɗin bai fita ba launi zai nuna.

Aikin magani biyu ne. Yana haɗiye asid da zarar ya fito, kafin ya tunzura sauran. Mai kyau daga ciki kuma ba ya ma jiran hakan: yakan je wurin kulorin mai sako-sako ya cire shi, ya dasa wani abu mai kamu da ƙarfi a gurbinsa, kamar a ɗaure bakin zaren buhun tun ba a ja shi ba. Ba shi da yawa. A kilo 100 na garin PVC, kilo biyu zuwa huɗu ne galibi, wani irin ma ko kilo ɗaya ba ya kaiwa.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne magani ƙarewa yake yi. Duk asid ɗin da ya haɗiye ya cinye wani ɓangare nasa ke nan, ba ya dawowa. A ɗakin gwaji aikina na kowace safiya shi ne auna saura nawa ya rage. Nakan yanka bututun ƙanana-ƙanana in zuba a siririyar kwalba, in rataya wata 'yar jar takarda a samanta, wadda aka jiƙa da rinin da ake kira jan Kwango, in tsoma gindin kwalbar a mai mai zafin digiri 200, in danna agogo. Sai jira. Takardar na nan ja wur, minti goma, minti ashirin, ba abin da ke motsi. Can sai ka ga gefenta ya fara dusashewa, kafin ka gyara zama ta koma shuɗiya. Magani ya ƙare ke nan, asid ya samu hanya. Mintocin da agogo ya nuna su nake rubutawa, su ne jarin da robar ke da shi.

Wata rana da dare wuta ta ɗauke mana ana tsakiyar aiki, janareta kuma ya ƙi tashi. Robar da ke cikin inji ta tsaya cak a zafin digiri 190. Ƙa'ida ita ce a kwance kan injin nan take a ƙwaƙule ta tun tana da laushi, amma shugaban aikin daren ya ce a ɗan jira, yanzu za a gyara. Ni ma ban ja da shi ba, laifina ke nan. Da aka buɗe bayan kusan awa ɗaya, abin da muka tarar ya fi kama da gawayi mai kumfa, idanunmu na zubar da hawaye, kowa na tari. Asid ya cinye ƙyallin ƙarfen da ke fitar da siffar bututu, ya bar masa zane-zane kamar fuskar da ƙyanda ta taɓa. Kwana uku ana kankara da gogewa.

To kai harshen wuta kake sa wa, wanda zafinsa ya ninka na inji sau da yawa. Fatar bututun tana cinye maganinta cikin daƙiƙoƙi, cikinsa bai ma gama ɗumi ba. Mafi yawan lokaci hannu ne. Amma idan ka lura da hannu ɗaya da wuta ɗaya wani samfurin kullum shi ke saurin ƙonewa, to mai yin sa ya yi rowar magani, ko ya cika tsohuwar roba a haɗin. Shawarata ka riƙa yawo da soket da gam. In ta kama dole, yi amfani da na'urar hura iska mai zafi, kana juya bututun. Duk inda ya riga ya canja launi, yanke shi ka yar, domin wurin ya yi gautsi, nan zai fara tsagewa idan ruwa ya matso da ƙarfi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da yara ƙanana uku. Na ji ana cewa akwai dalma a cikin bututun roba, kuma da shi aka ja mana ruwan sha. Hankalina ya tashi. Gaskiya ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai gaskiya a ciki, amma a ɗan kwantar da hankali tukuna.

Shekaru da dama gishirin dalma shi ne sarkin magungunan PVC. Yana da arha, yana jure zafi na dogon lokaci, yana yafe wa mai inji kurakuransa. Masu yin wayar lantarki sun fi kowa son sa, saboda abin da yake zama bayan ya haɗiye asid ba ya narkewa sosai a ruwa, ba ya kuma buɗe wa lantarki hanya. Sai dai dalma guba ce, ta fi yi wa ƙwaƙwalwar yara illa, kuma likitoci ba su san wani adadi nata da za a ce ba shi da lahani a jinin yaro ba.

A cikin bututu mai tauri dalmar a kulle take a jikin robar. Abin da ke fita shi ne na saman fatar ciki, yawanci a kwanakin farko, daga nan ya ragu ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a maikurogiram 10 na dalma a kowace lita ta ruwan sha (maikurogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Idan sabon aiki ne, a bar ruwa ya gudu sosai kafin a fara sha. Ruwan da ya kwana a bututu kuma, a zubar da na farkon ko a yi wanki da shi. Kada a ja ruwan zafi ta bututun PVC na yau da kullum, ba a yi shi don abin da ya wuce digiri 60 ba. A duba jikin bututun ko an rubuta na ruwan sha ne, domin na magudanar ƙazanta da na rufe waya ba a bin wannan ƙa'ida wajen haɗa su. Kan famfo na tagulla da tsohuwar dalmar liƙi ma kan zuba dalma a ruwa, wani lokaci fiye da robar. Ido ba ya gane ta, hanci ma haka. Gwajin ruwa a ɗakin bincike ne kaɗai zai raba gardama.

Inda na fi jin tsoro shi ne robar da rana ke ci kuma hannun yaro ke kaiwa. A 1996 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta yi gargaɗi a kan labulen taga na roba mai falle-falle da ake shigo da shi daga waje. Rana da zafi suna rugurguza fatarsa a hankali, ƙurar dalma ta taru a sama, yaro ya shafa ya kai hannu baki. Irin wannan ne ya sa aka juya wa dalma baya. Masana'antun Tarayyar Turai sun daina amfani da kadmiyam, wani guban, a 2001, suka gama barin dalma a ƙarshen 2015. Daga 29 ga Nuwamba 2024 kuma doka ta hana sayar da kayan PVC da dalmarsu ta kai kashi 0.1 cikin 100 a can, ban da wasu kayan da aka yi da tsohuwar roba, waɗanda aka ɗaga wa ƙafa na wani lokaci. Amurka ita tun da can da maganin kuza take yin bututunta. A wasu sassan duniya har yau ana zuba dalmar.

Abin da ya maye gurbinta a yawancin wurare haɗin kalsiyam ne da tutiya, wato ƙarfen nan da ake shafe kwanon rufi da shi. Zan ɗan tsaya a nan, don ni wannan haɗin yana burge ni. Sabulun tutiya, wato nau'in sinadarin tutiyar da ake zubawa a robar, gwani ne wajen ɗaure bakin zare, yana ba da fari tas a farkon aiki. Amma yana gama aikinsa sai ya rikiɗa ya zama kuloraid na tutiya, wato tutiyar da ta haɗu da kulorin, wanda shi kuma maƙiyin PVC ne na ƙin ƙarawa. Idan ya taru, robar da take fara sol yanzu-yanzu za ta koma baƙa ƙirin a lokaci ɗaya, ba rawaya ba ja, ba sallama. Ƙunar tutiya ake ce wa wannan. Kalsiyam shi kaɗai raggo ne, ba ya ba da launi mai kyau, amma idan yana kusa yakan karɓe kulorin daga hannun tutiya ya riƙe, shi ba ya ɓarna da shi, tutiya ta koma bakin aikinta. Ana tafiya haka har kalsiyam ya ƙare. Ana kuma ƙara musu mataimaka, irin su man waken soya da aka sarrafa da wasu ma'adanai masu shan asid. Da muka sauya daga dalma zuwa wannan haɗi, mun yi watanni muna zubar da bututu kafin mu gane hannunsa, domin ba ya yafiya irin ta dalma. Duk da haka ban taɓa kewar ganin ma'aikata suna juye buhun farin garin dalma ƙura na tashi a fuskarsu ba. Su ne suka fi kowa shan gubar, ba masu shan ruwa ba.

TAMBAYA: Injiniya, na fara ƙaramar sana'ar niƙa tsofaffin bututu da gutsattsarin roba, ina sayar wa masu narkawa. Sun fara dawo mini da kaya, wai yana ƙonewa a inji, wani kuma yana fitowa da dabbare-dabbaren toka-toka. Ina matsalar take?

AMSA: Maigida, matsala uku nake zargi, kuma mai yiwuwa duk ukun ne.

Tsohon bututu ya riga ya ci wani kaso na maganinsa ranar da aka yi shi, rana ta ci wani. Ka niƙa shi, niƙan ma zafi ne. Idan aka mayar da shi inji ba a ƙara masa sabon magani ba, da ɗan guntun jarinsa zai shiga, ba zai kai bakin ƙofa ba. Masu saye su ƙara magani, ko su gauraya naka da sabon gari. Kai kuma ka tsince duk wanda ya riga ya yi ruwan ƙasa ko ya taɓa wuta, domin guntu ɗaya da warwara ta fara a jikinsa yana iya kunna wa na kusa da shi.

Dabbare-dabbaren kuwa, ina kyautata zaton faɗa ne tsakanin magunguna. Maganin kuza da aka fi amfani da shi yana ɗauke da farar wuta, shi ya sa yake da ɗan wari, shi ne kuma ake sa wa roba mai garai-garai da ake ganin ciki. Idan farar wuta ta haɗu da dalma a cikin zafi, sukan haifi wani baƙin sinadari da ke ɓata launi, ba ya kuma wankuwa. Saboda haka kada ka haɗa roba mai garai-garai da tsohon bututu a buhu ɗaya. Ka ware bututu daban, firam daban, rigar waya daban, mai laushi daban da mai tauri.

Na uku, baƙin haure. PVC tana ɗauke da lamba 3 a cikin alamar nan mai kusurwa uku, kuma tana nutsewa a ruwa, alhali robar bokiti da ta jarka suna tasowa sama, to baho ɗaya na ruwa zai raba maka su. Gorar ruwan sha mai lamba 1 ita ma nutsewa take yi, sai an tsince ta da hannu. Ba ta narkewa sai wajen digiri 250, saboda haka a injin PVC tsakuwa ce, idan kuma PVC ce ta faɗa cikin nata injin, ƙonewa za ta yi ta ɓata tukunyar gaba ɗaya. Ka sa takunkumin fuska na gaske lokacin niƙa, kada kuma ka ci abinci da hannun aiki. Tsohon bututu, ka ɗauka akwai dalma a cikinsa har sai an tabbatar maka babu.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce. Sitabilaiza shi ne abin da ke sa tiyo ya yi laushi? Kuma me ya sa bututun da ke waje yake yin fari-fari kamar alli?

AMSA: A'a, 'yata, ma'aikata ne daban-daban. Mai sa laushi wani mai ne da ke shiga tsakanin sarƙoƙin ya ba su damar zamewa, kuma da yawa ake zuba shi, a tiyo yakan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyi ko fiye. Bututu mai tauri babu shi sam. Amma mai tauri da mai laushi duk sai da sitabilaiza. Idan tsohon tiyo ya ƙandare, mansa ne ya gudu.

Allin kuma aikin rana ne. Haskenta yana tsinka sarƙar da ke fatar waje, robar ta rugurguje, farin garin da ke ciki ya bayyana. Garkuwar rana daban take da maganin zafi: farin sinadarin titaniyam ne, ko baƙin kabon. Bututun da aka yi don a binne ba a sa masa da yawa. Idan dole ya zauna a sarari, a shafa masa fenti mai haɗin ruwa, fari ko mai haske.

TAMBAYA: Malam, muna ƙona tsofaffin wayoyin lantarki don mu ciro jan ƙarfe. Wutar takan yi kore, gwanin kyau. Wani ya ce alamar ƙarfen mai kyau ne.

AMSA: Samari, koren nan ba shaidar ingancin ƙarfe ba ce. Kulorin ɗin rigar wayar ne ya haɗu da jan ƙarfe a cikin wuta. Masu sinadarai ma da gangan suke yin haka idan suna son gane PVC: a gasa jan ƙarfe, a dangwala a roba, a mayar wuta, in ta yi kore akwai kulorin. Gwajin Beilstein ake kiransa, kuma da ɗigo ɗaya ake yi, ba da tuli ba.

Maganin da ke cikin rigar waya an auna shi ne don 'yan mintoci a inji da ɗumin lantarki na shekaru, ba shi da ta cewa a gaban wuta. Abin da kuke shaƙa asid ne tsantsa, tare da dayoksin, gubar da ke taruwa a kitsen jiki ta yi shekaru ba ta fita, kuma jan ƙarfen da kuke nema yana taimaka wa samuwarta. Tsofaffin wayoyi su ne suka fi dalma, ita kuma tana zama a toka, ta bi ƙasa, ta bi tufafinku zuwa gida wurin ƙannenku. Ga shi wuta tana ɓata fuskar ƙarfen, mai saye ya rage muku daraja. Ku kafa reza ko guntun wuƙa a jikin katako, bakinta ya ɗan leƙo ta cikin rami daidai kaurin wayar, ku zura ku ja. Rigar za ta tsage biyu, ƙarfen ya fito da ƙyallinsa, rigar ma ku tara a buhu, masu niƙa suna saye.